Makullin da Baba Ya Kai wa Baduku

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Hauwa da yara? Mu nan Ƙanƙara lafiya lau, ban da motarka.

Kwana ukku ta ƙi tashi, ga masararmu jibge a gonar Pauwa. Bakanike ya canza batir, a banza. Sai da aka jona mata kwamfuta aka ce ba ta gane makullinta ba. Ashe robar kan makullin ce ta tsage, Baba ya ɓare ya yar, baduku ya ɗinka mashi fata! 'Yar na'urar hana satar da motar ke gane makulli da ita kuwa tana cikin robar. Har yanzu Baba cewa yake: "Ai ya fi kyau."

A taya mu da addu'a, a gaida kowa. Ka aiko ɗaya makullin, amma don Allah hannuna, ba hannun Baba ba.

Ƙanenka,
Lawal