Taswirar Allurai

Zuwa ga uwargidana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Ya gwiwar taki? Ya yara da jikoki? Allah ya sa kowa ƙalau.

Ki samu wuri ki zauna. Ba aikin tayil ne ya kawo ni garin nan ba, asibiti nake. Yawan fitsarin nan da kike mini tsiya a kai, ashe sankara ce a wani ɗan ƙullutu ƙarƙashin mafitsara. Likita ya ce an gano da wuri. Ba yanka za a yi ba, allurai za su soka ta tsakanin ƙafafu, su dasa 'yan ƙwayoyi kamar shinkafa su ƙone ciwon daga ciki.

Amma sai an fara zana inda kowace allura za ta bi. Suna da wani faranti mai ramuka layi-layi, kamar igiyar da nake ja kafin in ɗora tayil. Aka kauce kaɗan, hanyar fitsari ce za ta ƙone. Wannan kam na gane shi sarai.

Jiya aka shiga awon. Tun farko an ba ni maganin wanke ciki, irin na matsawa ta baya. Na karanta takardarsa ban fahimta ba, kuma na kasa tambayar nas ɗin, yarinyar da ba ta kai autarmu ba. Na cusa shi a aljihu, na ce mata na yi. Suka rataye ƙafafuna sama, suka sa na'urar hoto ta dubura, hoto ya fito dishi-dishi. Likita bai yi faɗa ba. Allon kawai ya juyo mini, ya nuna dalili da ɗan yatsa, ɗaki cike da mutane. Ni da nake korar lebura in bai share ƙasa ba kafin a zuba siminti! Da ƙasa ta tsage da na shige.

An ɗage zuwa Alhamis. Sun ce wannan karon sai na zo da wanda zai saurari bayani tare da ni, maganata kaɗai ba ta isa ba. Suka tambaye ni wa nake da shi. Shekara da shekaru ina bugun ƙirji cewa ba wanda ya tallafe ni, da hannuna na tashi. Lambarki na ba su.

Ki zo, don Allah. In faɗa za ki yi, ki yi shi a mota, ki gama kafin ki iso. Ki taho mini da wando mai faɗi. Kada yara su ji tukuna.

Ki huta lafiya.

Mijinki,
Mai Tayil