Murfin Kwalba

Borkum, 6 ga Maris

Zuwa ga Hilke,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ni ma ina nan lafiya, sai dai iskar tsibirin nan da ba ta san ranar hutu ba.

Saƙo ya iso jiya a jirgin ruwa na rana, na gode. Amma akwai magana, kuma kin san ba na iya riƙe magana a ciki.

Ruwan nikotin ɗin da kika aiko, na zubawa a sigarin lantarki, ya canza launi. Na ɗaga kwalbar a taga, na zuba kaɗan a ƙaramin kofin gilashi, sai na ga ya yi ɗorawa-ɗorawa kamar shayin da aka tsoma ganye sau ɗaya aka cire. Na shinshina, warin masoro ya daki hancina. Na haɗa kaɗan na zuƙa, ya kankare mini maƙogwaro har na yi tari. Shekara tara ke nan da muka bar taba tare, ni da ke, kuma tun ranar da muka sayi manyan kwalaben nan shida kafin doka ta hana sayar da mai ƙarfi, muka jera su a firizar ɗakin ƙasa, ban taɓa zuba ruwan da ba fari tas ba. Abu uku ke kashe shi, iska da haske da zafi. Na faɗa miki wannan har kin gaji da ji.

Na san ƙananan kwalaben da na cika kafin in bar gida sun ƙare a watan Janairu, dole a zuba daga babba. To, amma wa ya zuba? An bar iska wajen yatsa biyu a wuyan kwalbar, alhali ni har baki nake cikawa. Murfin kuwa da yatsa biyu na juya shi ya buɗe, babu ko salatif. Sannan takardar da aka manna a jiki, wadda aka rubuta sunana da kwanan wata, ba rubutunki ba ne. Shekara ashirin da uku ina karanta takardar cefanenki, na san yadda kike lanƙwasa harufa. Waɗannan manyan baƙaƙe ne masu karkata baya, hannun namiji ne wanda bai damu da abin da yake yi ba.

Wasiƙar ma da inji aka buga ta. Yaushe kika fara buga mini wasiƙa kamar ofishin haraji?

Ba zargi nake yi ba, tambaya ce. Wa ke shiga ɗakin ƙasa?

Ki gaida ƙanwarki Tomke. Na bar ki lafiya.

Mijinki har yanzu, a takarda dai,
Onno

*

Emden, 11 ga Maris

Zuwa ga Onno,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna nan, da godiya.

Na karanta wasiƙarka sau biyu ina neman inda aka tambayi matar gidan, sai na tarar layi ɗaya aka ba ni, sauran duk na kwalba ne. Madalla da babban mai bincike. Ka ɗaga a taga, ka shinshina, ka ɗanɗana, ka gano namiji a ciki. Da ’yan sanda sun san da kai da ba su bar ka kana ɗaure igiyar jirgi a tasha ba.

Tunda ka tambaya, zan ba ka amsa daidai tambayarka. Maƙwabcinmu Tammo ne ya buɗe babbar kwalbar. Kai ka ɗaure murfinta, kuma kai in ka ɗaure abu sai ka ce da shi kake faɗa. Na yi, na yi, ta ƙi, na leƙa ta shinge na kira shi. Ya sauka ɗakin ƙasa, ya buɗe, ya hau, na ba shi shayi. Kofi uku ya sha kamar kowane baƙo, ya sa cokali a kofin alamar ya ishe shi, ya koma wurin tattabarunsa. Tsoho ne mai shekara saba’in da ɗaya da gwiwar ƙarfe, amma na san a idonka har yau saurayi ne, tun ranar walimar cin kabeji ta ƙungiyarmu da ya yi rawa da ni sau biyu ka bar wurin ba sallama. Rawar nan ce ta kai ka Borkum, wata goma sha shida ke nan.

In ruwan bai yi maka ba, ka zubar. Ko ka ba uwar ɗakinka Geske, mai gidan da kake haya. Na ji labari a bakin matar mai sayar da tikitin jirgi cewa kai kake haɗa mata nata yanzu, mai ɗanɗanon tuffa da kirfa. Tuffa da kirfa, Onno. Wata uku ka yi kana gwada wannan haɗin a kicin ɗina, ka ce nawa ne ni kaɗai, har ka rubuta sunana a littafinka. An ce kuma tana toya maka waina ranar Lahadi. Ina fatan ba ta cika sukari ba, ka san jininka.

Maganar inji kuwa, haka na ga dama.

Ka huta lafiya.

Hilke

*

Borkum, 15 ga Maris

Hilke,

Ina gaisuwa.

Ashe Tammo ne. Wallahi tun kafin in buɗe ambulan na san sunan da zan gani. Mutumin da ya yi shekara arba’in yana raba wasiƙu, dole ya san gidan da babu namiji.

Kin ce buɗewa kawai ya yi. To wa ya zuba? Wa ya rubuta sunana? Kin amsa ɗaya kin tsallake biyu, kin ɗauka ba zan lura ba. Ni na san hannun da ya yi wannan aiki bai taɓa riƙe sirinji ba, kuma bai san cewa abin nan guba ne ba. Ina fatan dai ya sa safar hannu, don ba na son a ce kayana ne suka kashe shi. Safar tawa ya sa? Tana rataye a ƙusa bayan ƙofa, kusa da tabarau.

Abin da ke cina shi ne, na kan zauna a ɗakin nan in ga ɗakin ƙasan a idona. Ni na yi wa firizar nan katako a ƙasa saboda damshi. Ni na naɗe kowace kwalba da jarida. Ranar da muka jera su kina riƙe da fitila kina dariya, kika ce mun tara abin da zai kai mu tsufa tare. Yanzu wani ne ke tsaye a wurin da nake tsayawa, yana barin ƙofar firiza a buɗe yana ba ki labarin tattabaru. Kishi nake yi, Hilke, na faɗa. Ba na jin kunyar faɗa.

Geske kuwa shekararta sittin da takwas, kuma likita ne ya ce ta bar taba ko ta bar duniya. Na haɗa mata abin da na iya. Ban san an hana ba.

Ga shawarar da na yanke. Uku daga cikin manyan kwalaben nawa ne. Ki sa su a kwali da ƙanƙara ki aiko mini gaba ɗaya, zan nemi inda zan ajiye. Ba sai kin ƙara wahalar aiko mini da ƙarama duk wata biyu ba, ba kuma sai an ƙara kiran maƙwabci saboda ni ba. Naki ukun ki yi yadda kika so da su, ke da mai buɗe miki.

Sai wata rana.

Onno

*

Emden, 22 ga Maris

Zuwa ga Onno,

Bayan gaisuwa.

Kwalinka zai shiga jirgin safe ranar Alhamis, ka tsaya a tasha ka karɓa kafin ƙanƙarar ta narke. Na sa maka safarka da tabaranka da sirinji da littafin haɗinka. Shafin tuffa da kirfa yana nan, ban yage ba, ko za a buƙata.

Mun yi alkawari ba waya, saboda duk kiran da muka yi da ihu ya ƙare. Saƙon wata bibbiyun nan shi ne ya rage, kuma kai ka ce a daina. Na ji, na bi.

Allah ya ba ka lafiya, ya kiyaye ka a bakin ruwa.

Hilke

*

Emden, 29 ga Maris

Onno,

Tomke ce, ƙanwar matarka, in ba ka manta kana da mata ba. Ina gaishe ka don an koya mini gaisuwa, ba don ka cancanta ba.

Hilke ta sa na rantse ba zan faɗa maka ba. Yau na karya rantsuwar, ta yi fushi da ni in ta so.

Ranar sha tara ga Janairu ta faɗi a kicin. Jini ne ya toshe a kanta, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Tammo ɗin da kake zagi shi ya hango ta ta taga ya kira motar asibiti, ba don shi ba da yanzu a maƙabarta kake kai mata wasiƙa. Sati uku ta yi a kwance. Ƙafar ta dawo, bakin ya dawo, hannun dama har yau ko cokali ba ya riƙewa. Na ce a kira ka, ta ce a’a. Ta ce, “In ya dawo don tausayi, zan gani a fuskarsa kullum. In zai dawo, ya dawo don ni.”

Likita ya hana ta zuƙar komai. Tun Janairu ba ta taɓa abin ba, nata kwalaben suna nan yadda ka bar su. Saboda kai kaɗai aka buɗe waccan.

Ranar da ta zuba maka, na zo na same ta zaune a matakalar ɗakin ƙasa, ta matse ƙaramar kwalba tsakanin gwiwoyinta, mazurari a baki, tana zubawa da hagu. Ta fi awa ɗaya a wurin. Rabi ya zube a ƙasa, safa ɗaya ce a hannunta don ta kasa sa ɗayar. Na yi mata faɗa, na ce guba ce, kawo in ƙarasa. Ta ce, “Bar shi, ba ya son kowa ya taɓa masa kaya.” Murfin da ka ce da yatsa biyu ka buɗe, iyakar ƙarfinta ke nan.

Ka ce ruwan ya yi ɗorawa. Ai dole. Sati biyu kwalbar ta yi a tagar kicin tana jiran takardar da za a manna mata, ita kuma Hilke tana zaune tana koyon rubuta sunanka da hannun hagu. Harafi huɗu ne kacal, Onno. Na zubar da kwandon shara cike da takardun da ta gwada. Wadda ta fi kyau ta zaɓa ta manna, kai kuma ka duba ka ce hannun namiji ne wanda bai damu ba. A gabana ta karanta wannan layin. Ba ta yi kuka ba, ta dai ninke takardar ta ce in ɗora ruwan shayi.

Ka iya ɗaga kwalba a taga ka faɗi ranar da iska ta shige ta. Mace ta daina rubuta maka da hannu bayan shekara ashirin da uku, ba ka ce ko lafiya ba.

Ni na ɗaure kwalin, ita ta zaɓi abin da za a sa. Ba ni da abin da zan ƙara.

Tomke

*

Borkum, 2 ga Afrilu

Zuwa ga Hilke,

Ina gaishe ki. Yaya jikin? Yaya hannun? Wannan ce tambayar da ya kamata in fara da ita tun wata guda da ya wuce.

Tomke ta rubuto mini. Kada ki yi mata faɗa.

Na ciro ƙaramar kwalbar daga inda na jefa ta, na zauna ina kallon sunana. Yanzu na ga inda alƙalamin ya zame a harafin farko kika sake bi ta kai. Da can ma yana nan, idona ne ke neman wani abu dabam.

Zan faɗa miki wani abin kunya, don kada ki ɗauka na shiryu dare ɗaya. Da kwalin ya iso na tarar da manyan kwalabe biyu, ba uku ba. Na zauna na cika shafi biyu a kan inda ta ukun ta tafi da wanda ke shanta. Har na sa a ambulan, wasiƙar Tomke ta riga ni. Na yage. Biyun kuma suna nan kan teburi tun ranar, rana na dukansu, ban nema musu firiza ba. Ni da nake yi miki faɗa in kin bar ƙofa a buɗe minti ɗaya.

Na rubuta wa Tammo na gode masa. Ya yi mini wuya fiye da barin taba, kuma ko yanzu in na tuna shi ne ya gan ki a ƙasa ba ni ba, sai kishin ya taso mini. Kin ga halin bai tafi ba.

Ba na jin tausayinki, Hilke, kaina nake tausayi. Ina so in dawo gida. In kin ce a’a, ba zan ƙara tambaya ba, kuma ba zan tambayi dalili ba.

Ina jiran amsa, ko da inji ce.

Naki,
Onno

*

Emden, 9 ga Afrilu

Onno,

Gaisuwa. Da hannu na rubuta, kwana uku na yi. Ka yi haƙuri da rubutun namijin.

Ta ukun tana firiza, a naɗe da jaridarka. Ni na hana a sa ta.

Na gwada murfinta jiya. Ya ƙi. Ban kira Tammo ba.

Hilke