Da hannunsa na ga ya ɗora ƙafarsa a kan birki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don girman Allah a sakaya sunana, mutanen garinmu da yawa suna cikin wannan zaure. Don Allah ku ba ni shawara, musamman direbobin manyan motoci da matansu, da kanikawa in akwai. Ku yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa a boko ba.

Mijina direban tirela ne, tumatir yake ɗauka daga nan wajen Kadawa ya kai Kudu. Shekararmu uku da aure, 'yarmu ɗaya, Ummi, watanta tara. Tun da aka kawo ni gidansa tsorona ɗaya ne, hatsari, in ya tafi abinci ma ba na iya ci sai ya bugo ya ce ya sauke. Ban taɓa kawowa a raina zaman cikin motar kansa zai zame mana matsala ba.

Motar ta yayansa ce, Yaya Alhaji, shi ya riƙe shi tun yana ƙarami. Da tumatir ɗin bara ya fito Yaya Alhaji ya kai ta gareji aka ƙara mata sifirin a baya, wai don ta ɗauki kwanduna da yawa ba ta zauna ba, tayoyin kuma ana ɗura musu iska har su yi tauri kamar dutse. Daga nan na fara lura da saukowar Baban Ummi. Da can dirowa yake yi, yanzu sai ya juya baya, ya kama ƙofa, ya sauko a hankali, ya ɗan tsaya kafin ya taka. A sallah ma yana daɗewa bai ɗago daga ruku'u ba. Na tambaya ya ce gajiya ce. Na ɗinka masa matashi na cusa audugar rimi, tafiya biyu ya dawo da shi ya baje kamar gurasa, yana dariya wai saura kaɗan ya cinye shi a hanya.

Satin da ya wuce zan kai Ummi rigakafi Kura, shi kuma ya gama lodi da hantsi, ya ce mu shigo ya rage mana hanya. Ranar na fara shiga motar da kaya a bayanta. Jama'a wannan ba jijjigar motar haya ba ce. Duk ramin da aka faɗa sai bodin ya fizgo kan motar baya, sannan ya hankaɗo shi gaba, a bayanmu kuma wajen farantin ƙarfen da bodin yake hawa kai, kana jin wani abu yana bugawa gau, gau. Kan Ummi sai da na tallafe shi da tafin hannuna har muka sauka. Kujerarsa na leƙa ƙarƙashinta, ashe ta mutu tuntuni, katako aka tokare ta da shi. A haka yake kwana biyu a hanya, ba ya tsayawa sosai don kada tumatir ya lalace.

Mun zo wata gadar kanal wani mai babur da buhunan albasa ya shigo gabanmu. Da idona na ga Baban Ummi ya sa hannun dama ya kama gwiwarsa, ya ɗaga ƙafar ya ɗora a kan birki. Motar ta tsaya, Allah ya kiyaye, mai babur ko waiwayowa bai yi ba. Shi a zatonsa hankalina yana kan yarinya.

Da ya dawo daga tafiyar na ce masa na gani. Da farko ya musa, daga baya ya ce ƙafar takan mutu ne in ya daɗe a zaune, in ya miƙe ta dawo. Na ce ya gaya wa Yaya Alhaji a cire abin da aka ƙara, a gyara kujera, shi kuma mu je asibiti. Nan ya hau faɗa, abin da bai saba ba. Wai Yaya zai ga kamar gyaransa ake kushewa, kuma da ya ji maganar ƙafa zai karɓi mukulli ya ba wani, ga direbobi nan zaune a tasha suna jira. Wai me zai koma yi, ɗibar tumatir a gonar wani da wannan bayan? Ƙarshe ya ce in na kai maganar wurin Yaya ko wurin Inna, mahaifiyarsu, bai yafe ba. Wannan kalma ita ta ɗaure ni.

To masu sani, akwai abin da direba zai iya yi da kansa fizgar nan ta ragu, ba sai mai mota ya sani ba? Rage iskar taya yana taimakawa ko haɗari ne da kaya a kai? Bugun da nake ji a wajen farantin, giris yake so ko ya ci ne? Kujera ana samun ta hannu a Kano? Ina da akuya biyu, zan sayar.

In kuma duk wannan ba zai dawo da ƙafar ba, ku gaya mini gaskiya. In je wurin Yaya Alhaji, Baban Ummi ya rasa motar, ya riƙe ni a zuciya, ko in yi shiru in ɗaure masa guzuri? Jibi da safe zai sake lodi.