Rasuwar Baba Mai Sanda a Kwalbatin Bayan Kasuwa

Cikin alhini mai nauyi, da zuciyar da har yanzu ta ƙi kwanciya, Ƙungiyar Masu Yashe Magudanan Ruwa ta Birni tana sanar da 'ya'yanta, da masu unguwanni, da Mai Girma Shugaban Hukumar Birni da kansilolinsa masu daraja, da sauran jama'a baki ɗaya, cewa ranar Litinin da la'asar labari ya iso ofishinta na rasuwar ubanmu, jagoranmu, Sarkin Yasa, Shugaban Kwamitin Dattawa, ɗaya daga cikin mutum biyar da suka kafa wannan ƙungiya, wanda yaro da babba suka sani da Baba Mai Sanda. Ruwa ne ya ci shi a cikin babban kwalbatin da ya ratsa ƙarƙashin titin bayan kasuwa, yana tsakiyar aikin da ba wanda ya biya shi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shekara talatin da huɗu marigayi ya yi yana shiga inda mutane ke toshe hanci su wuce, da shebur da baro da takalmin roba, yana fito da laka da leda da mushen da birni ya zubar ya manta, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa jin yaron da ke ƙarƙashinsa ya rasa ko ɗan yatsa ba. Laƙabinsa ya samo asali ne daga sandar ƙarfen da ba ya rabuwa da ita, wadda ya zauna da kansa ya yi wa zane goma, kowane zane faɗin tafin hannu. Da ita yake auna lakar da ta taru a magudana. Idan ta tsaya a zane na huɗu, shebur da baro sun isa. Idan ta kai na shida, sai an kawo injin tona. Idan ta taɓa na takwas kuwa, to mutanen unguwar gangare su fara ɗora katifunsu a kan tebur. Injiniyoyi sun zo da na'urori sun tafi, sandar Baba ba ta taɓa yin ƙarya ba.

Doka ɗaya ya kafa mana, kuma duk wanda ya shiga sana'ar nan sai ya haddace ta kafin a ba shi shebur: ana yashe magudana ne da rani, wata biyu kafin damina, kuma daga ranar da ruwan farko ya sauka ba mai sake shiga kwalbati, ko da zoben uwarsa ne ya faɗa ciki. Yakan ce mana, "'Ya'yan laka, ku daina duban saman kanku. Ruwan da zai kashe ku a wata unguwa ake yin sa, ku nan kuna cikin rana." Ya sha korar ƙato daga aiki saboda karya wannan doka, da yamma kuma ya bi shi gida ya ba matarsa haƙuri.

Kowace shekara, idan Hukumar Birni ta kira zaman jin ra'ayin jama'a kan kasafin kuɗi, marigayi yakan wanke rigarsa mai shuɗi, ya ɗauki sandarsa, ya zauna a benci na ƙarshe kusa da fankar da ba ta juyawa, har a gama da masu manyan riguna a zo kansa. Ba ya roƙon ƙarin albashi. Yakan faɗi zanen da laka ta kai a kowane kwalbati, ya faɗi watan da ya kamata a fara aiki, ya zauna. Bana ya gaya musu cewa kwalbatin bayan kasuwa yana zane na bakwai. An tafa masa, an rubuta, Mai Girma Shugaba ya kira shi dattijon arziki.

Da aka manna kasafin a allon sanarwa na sakatariya, a bayan gilashi, da rubutu ƙanana kamar ƙwan kifi, mu muka tsaya a rana muka karanta masa shafi-shafi. An sami giɓi, abin da za a kashe ya fi abin da zai shigo, kuma dole a daidaita. Wannan ba mu musa ba, kowane magidanci ya san zafinsa. Amma ga yadda aka daidaita. Mai Girma Ma'ajin Hukuma bai taɓa kuɗin yashe magudanai ba, ko sisi bai rage ba, kuma yana faɗin haka da alfahari. Ɗauke su kawai ya yi daga farkon shekara ya kai watanni uku na ƙarshe, lokacin da harajin kasuwa ya fi shigowa. A takarda lissafi ya fita tsaf, layi ya hau layi. Sai dai watanni ukun nan bayan damina suke. Wato a jira ruwa ya gama abin da zai yi, sannan a buɗe masa hanya. A gurbin da aka cire mu kuma aka saka sabon shataletalen ƙofar sakatariya, mai fitilu kala-kala da famfo mai feshi a tsakiya. Birni ya sami kuɗin da zai harba ruwa sama don ado, bai sami na wanda zai ba shi hanya a ƙasa ba.

Sau uku Baba ya hau bene wajen Ma'aji. Na farko aka ce yana taro. Na biyu aka ce ya rubuto. Na uku ya samu shiga, ya ce, "Ranka ya daɗe, hadari ba ya karanta kasafi. Ka gaya mini wanda zan kai wa takarda ya ɗage damina." Aka yi dariya, aka ba shi ruwan sanyi, aka rako shi bakin ƙofa.

An yi ruwan farko mako biyu da suka wuce, na biyu ya shiga makarantar firamare ta unguwar gangare har gwiwa, ya tsaya a bakin ɗakin haihuwa na ƙaramin asibitin da ke kusa da ita. Ranar Litinin da safe marigayi ya tara mutum tara, ba inji, ba igiyar kirki, ba umarnin kowa. Ya hana kowa shiga. Ya ce dokar da ya kafa tana nan a kanmu, shi kuwa ya tsufa da bin doka. Ya shiga shi kaɗai yana turo laka, na waje suna kwashewa. Rana tana haske a bayan kasuwa, ashe a unguwannin tudu ana tafka ruwa. Abin da ya shekara talatin yana gargaɗinmu a kai, shi ya same shi. Bayan azahar aka gano gawarsa a bakin gadar mahauta. Sandar kuwa tana nan a tsaye inda ya kafa ta.

Dattawan ƙungiya sun umarce ni da in sassauta harshe, domin takardar ta'aziyya ce, kuma na sassauta iyakar iyawata. Mun yarda kwana ya ƙare, ba mai ƙara wa wani numfashi. Amma ajali daban, sakaci daban, kuma ba za mu bari a lulluɓe na biyu da likkafanin na farko ba. Tawagar Hukuma ta zo gidan makoki da motoci shida, suka toshe lungu har masu gaisuwa suka rasa hanyar wucewa, aka yi addu'a, aka kuma yi albishir cewa za a sa wa sabon shataletalen sunan marigayi. Uwarmu, Inna mai ɗinki, wadda ta zauna da shi shekara arba'in, ta amsa daga bayan labule da muryar da duk zauren ya ji: "Ku gode wa Shugaba. Amma Malam bai taɓa zagaya abu ba, ratsawa yake yi. In kuna son sunansa ya zauna, ku buɗe ramin da ya ci shi." Ƙungiya ba ta da abin ƙarawa a kan wannan.

Zuwa ga Inna, da babbar 'yarsa malamar makarantar nan ta gangare, da ƙannenta huɗu, da jikoki, da ƙaninsa mai gyaran keke, Shugabanmu da dattawa da dukkan 'ya'yan wannan ƙungiya suna miƙa ta'aziyyarsu, suna roƙon Allah Maɗaukakin Sarki Ya jiƙan Baba, Ya karɓi shahadarsa, Ya wanke shi fiye da yadda ya wanke wa mutane ƙofofin gidajensu, Ya yalwata kabarinsa, Ya ba ku haƙuri da juriyar wannan rashi da ba mu da bakin kwatanta shi, Ya kuma tsaya muku a duk inda shi yake tsaya muku. Ba ku kaɗai kuka yi maraici ba. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.

A ƙarshe, jama'a su sani cewa kwalbatin bayan kasuwa har yau rabinsa a toshe yake, damina kuma yanzu ta fara, kuma gidajen gangare da makarantar da ɗakin haihuwar suna nan inda suke. Ƙungiya ta haramta wa duk ɗanta shiga kowane kwalbati har sai rani. Dokar Baba ce, an karya ta sau ɗaya, mun ga kuɗinta. Inji kaɗai zai iya aikin yanzu, kuɗin injin kuma suna nan a rubuce, a watan da bai dace ba. Ranar Alhamis da ƙarfe goma kansiloli za su zauna bitar kasafin tsakiyar shekara, kuma abu ɗaya muke nema: a dawo da kuɗin magudanai wannan watan, shataletale ya jira. Muna gayyatar mutanen gangare su cika bencin baya. Inna ta ba mu sandar, ta ce kada a wanke ta. Lakar tana nan a jikinta, ta bushe daidai zane na bakwai. Za mu ajiye ta a kan teburin Mai Girma Ma'aji, a kan takardunsa, ya ƙirga zanen da kansa.

Sa hannu:
Ɗan-Takarda,
Kakakin Ƙungiyar Masu Yashe Magudanan Ruwa ta Birni,
a madadin Shugaba da Kwamitin Dattawa.