Gyaran da nake yi wa ƙanena zai hana shi hawa dambe

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Ku ɓoye sunana, kuma don Allah kada ku zage ni, zagin da nake yi wa kaina ya ishe ni.

Wake da shinkafa nake sayarwa a unguwar Nima, shekara da shekaru. Ƙanena, wanda na goya bayan rasuwar mahaifiyarmu, ɗan damben zamani ne, irin wanda sai an auna nauyinka kafin ka hau. Wata uku da suka wuce kocinsa ya sa shi biyan wata manhaja a waya duk wata, ita ke tsara masa abinci: shinkafa giram kaza, kifi giram kaza, mai cokali ɗaya tak. Ya sayo ɗan sikeli a kasuwar Madina ya damƙa mini, ya ce ni kaɗai ya yarda ta auna masa.

Ranar farko da na auna, na kalli kwanon, wallahi ko kyanwa ba zai ƙosar ba. Ni da ba na sallamar baƙo ba gyara, sai ɗan uwana zan miƙa wa wannan? Me maƙwabta za su ce, mai abinci ta bar ƙaninta ya rame? Sai na riƙa aunawa a gabansa, in ya juya in ƙara ludayi guda, in tura shito, soyayyen yajin nan mai mai, a ƙarƙashin shinkafa. Kullum haka, har wata uku.

To yanzu saura kwana tara a auna su, kuma ya haura da kilo biyu. In bai sauke ba, damben da ya shekara yana jira ya wuce shi. Ya ce manhajar damfara ce, ya goge ta, ya yi wa kocinsa rashin kunya a gaban yara. Ya koma gudu da rana tsaka sanye da leda, ruwa ma sai ya kurkure baki ya tofar. Shekaranjiya ya yanke jiki ya faɗi a mahaɗar Kawukudi, masu motar haya ta torotoro suka kawo shi gida. Ina yi masa fifita yana ce mini, “Yaya, na bi komai daidai, ko ni ne jikina ba kyau?” Na ci gaba da fifita. Manhajar ba ta yi ƙarya ba, hannuna ne.

Tun ranar ko ciniki ba na iya yi, ina zuba wa mutane taliya a madadin garin rogo. In na faɗa, ƙila ya koma kan tsarin ya daina kashe kansa, amma da wane ido zai sake kallona? In na yi shiru fa?

Yau da safe na ɗauko tsohuwar takardar da ya rubuta mini awon a ciki, na auna masa daidai ba gyara, karo na farko. Ya daɗe yana kallon kwanon, sannan ya ɗago ya ce, “Yaya, dama haka giram ɗin yake?”

Na ce ana kirana a waje. Har yanzu ban koma gida ba. Me zan yi?