Jan Gugguru a Siniyar Inna

Daren jajibirin Ƙaramar Sallah, 1969

Alhamdu lillahi, yau na fita kunya. Lorin da ke kawo kaya daga garin Sinnar ya maƙale a taɓo tun shekaranjiya, alawar da Malam, maigidana, ya yi saƙo ba ta iso ba. Ga shi Sallar farko ce gare ni a gidan nan, kuma Inna, surukata, ba ta taɓa tarbar baƙi da siniya, wato babban tire, wayam ba. Tun safe ta yi tagumi.

Na ce, "Inna, a bar ni in gwada gugguru mai launi."

Ta ce, "Masarar yara za ki kai gaban dattawa?" Amma dai ta miƙo mini gwangwanin sukari.

Tukunyar farko ta ƙone. A ta biyu na zuba ruwan karkade, wato zoɓo, da yawa, guggurun ya jiƙe ya langaɓe, har na yi ƙwalla a bakin murhu. Sai na dafa sukarin da karkaden shi kaɗai har ya yi danƙo, sannan na juye gugguru ina motsawa da sauri. Ya fito ja wur, yana ƙyalli! Na yi wani da kurkum, wato gangamau, ya zama ruwan ɗorawa. Ina azumi, ban ma san ɗanɗanonsa ba.

Da aka sha ruwa Inna ta ɗauki ƙwara ɗaya ta tauna. Ta sake dumbuza, ta ce, "Ɗiyata, gobe ke za ki fito da siniyar nan da hannunki."

Ba ta taɓa ce mini ɗiyata ba sai yau. Yatsana da ya ƙone garin dafa sukari yana zogi, ko a jikina.