Shekara Goma Sha Huɗu a Kan Matakala

Da sunan Allah Mai rahama. Ni Wadha 'yar Salama, ta ƙauyenmu na tsaunin Ajlun, na rubuta wannan da hannuna, hankalina cikakke, ba wanda ya tilasta ni. Zuwa ga 'ya'yana Mu'ayyad, Sarwat da Rudaina.

Na ɗaya. Gado Allah ya riga ya raba shi, ba zan sa baki ba. Alƙur'anina a kai masallaci. Man zaitun ɗina na bana a ba matan unguwa da mazansu suka rasu.

Na biyu. Ku san abin da ya kwantar da ni. Har na kai shekara talatin da takwas ban shiga asibiti ba sai don haihuwa. Sai mahaifinku da ƙaninsa Nayif suka daina magana saboda itatuwan zaitun bakwai na kan iyakar gonakinsu, ga gida ɗaya, mu a ƙasa, su a sama. Na zama 'yar aike. Mahaifinku ya ce, "Hau ki gaya wa jakin nan ya kwashe buhunansa daga ƙofata." In hau in ce, "Yayanka na gaishe ka, yana roƙon a matsar da buhunan." Nayif ya ce, "Matar yaya, in ƙofar tasa ce ya cire ta ya tafi da ita kabari." In sauko in ce ya amsa da to.

Shekara goma sha huɗu ina haɗiye irin wannan tsakanin hawa da sauka. Kowace kakar zaitun leɓena ya fashe, mura ta riƙe ni wata biyu. Bana wuƙa ta yanke ni a yatsa, ɗan yanka da kan warke cikin mako, ya ƙi rufewa har ciwon ya shiga jini. Likita a Irbid ta ce doguwar damuwa tana raunana garkuwar jikin mai lafiya. Ajali na Allah ne, amma sababin na san shi da sunansa.

Na uku. Na kira abin da na yi haƙuri. Yanzu ina tambayar kaina ko ƙarya na yi ta yi, don a ce Ummu Mu'ayyad ce ke riƙe da gida. Da na isar da zagin yadda yake sau ɗaya, da sun kama juna, dattawa sun shiga, an gama. Na sauƙaƙa musu gaba har ta yi musu daɗi. Su biyun lafiyarsu ƙalau. Ku nema mini gafara.

Na huɗu. Rudaina, tun da na kwanta ke ake aika, ina jin takunki. Jiya na ga ƙurji a leɓenki, kika ce sanyi ne. Ni ma haka nake cewa. Kada ki ƙara ɗaukar saƙon kowa, ko da mahaifinki ya yi fushi. Mu'ayyad da Sarwat, kun girma kuna cin shinkafar maƙluba a teburina kuna kallo, ba wanda ya taɓa tashi. Ku tsaya wa ƙanwarku, zan tambaye ku a gaban Allah.

Na biyar. Rumfar ta'aziyyata ɗaya za a kafa, a ajiye kujerun mahaifinku da Nayif kusa da juna. Mai magana ya faɗe ta da bakinsa.

Ku riƙe zumunci, ku da 'ya'yan Nayif, amma kada ku ɗora shi a kan mutum ɗaya. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku lafiya da zuciya mai sauƙi. Mahaifinku da Nayif kuwa, ina ƙoƙarin yafe musu kafin lokacina ya cika. Ban kai ba tukuna. Ku taya ni da addu'a.